Ɗimuwa da Rushewar Harshe: Tsokaci a Kan Maganar Masu Shanyewar Ɓarin Jiki a Gadon Asibiti

1.0 Gabatarwa

Idan aka kwantar da dattijo a asibiti saboda shanyewar ɓarin jiki, aka tambayi 'yan'uwansa halin da yake ciki, sau da yawa amsar ba ta wuce ɗaya daga cikin jimloli uku: "ba ya cikin hayyacinsa," ko "sai sambatu yake yi," ko kuwa "magana ta ɗauke." A kunnen mai gaisuwa duk abu ɗaya suke nufi, wato ciwo ya yi tsanani. A wajen likita kuwa, ƙarƙashin waɗannan jimloli akwai larura biyu da suka sha bamban ta fuskar asali da magani da makoma. Ta farko ita ce rushewar harshe, inda ciwon ya taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu sarrafa magana, alhali mutum yana sane da kansa da inda yake. Ta biyu ita ce ɗimuwa, inda harshe yake nan daram amma natsuwar da ke riƙe da shi ta watse.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana larura ta biyun, da nuna cewa babbar hanyar rarrabe ta da ta farko ita ce sauraron maganar maras lafiya. Daga nan za a duba yadda ma'aunan da likitoci ke amfani da su suka dogara a kan harshe da al'adar waɗanda suka ƙirƙiro su, abin da ya sa batun ya shafi masana harsunan Nijeriya kai tsaye.

2.0 Ciwon da Abin da ke Biyo Bayansa

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai domin jijiyar jini ta toshe, ko domin ta fashe. Babban binciken nan mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, ya nuna a rahotonsa na 2018 cewa kimanin kashi 68 cikin ɗari na marasa lafiyar toshewa ce ta same su, kashi 32 kuma fashewa, kuma hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin musabbabai. Kowane ɓari na ƙwaƙwalwa yana tafiyar da kishiyar ɓarinsa ne a jiki. A wajen mafi yawan mutane harshe yana ɓarin hagu, don haka wanda hannunsa da ƙafarsa na dama suka shanye shi ne aka fi tsammanin maganarsa ta taɓu. Kimanin ɗaya daga cikin uku na masu wannan ciwo suna samun rushewar harshe a kwanakin farko.

Ɗimuwa kuwa, kalmar da likitocin Turai ke kiran ta da ita ta samo asali ne daga Latin, daga ɗafin da ke nufin kaucewa da kuma sunan kunyar noma. Ma'anarta ta asali ke nan ita ce manomi ya saki layin kunyarsa ya yi wani wuri da garma. Celsus, marubucin Rum na ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, yana cikin waɗanda suka fara amfani da ita a fagen likitanci. Siffantawar ta dace ƙwarai, domin mai ɗimuwa bai rasa garmarsa ba, layin ne ya ƙwace masa.

Kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na Ƙungiyar Likitocin Taɓin Hankali ta Amurka, a bugunsa na biyar na 2013, ya jingina larurar a kan wasu sharuɗɗa. Dole ne a sami raunin natsuwa, wato mutum ya kasa tattara hankalinsa a kan abu, ko riƙe shi a can, ko mayar da shi kan wani abin. Dole ne abin ya zo cikin gaggawa, a 'yan awoyi ko 'yan kwanaki, kuma ya riƙa hawa da sauka a cikin yini guda. Dole ne kuma a sami wata tangarɗa a tunani, kamar mantuwa ko rashin sanin wuri da lokaci ko ganin abin da babu shi, sannan a iya danganta duk wannan ga wata larura ta jiki. Sharaɗin gaggawa da na hawa da sauka su ne suka raba ɗimuwa da ruɗin tsufa, wanda ke shigowa sannu a hankali cikin watanni da shekaru.

Larurar ba ƙarama ba ce a ɗakunan masu shanyewar jiki. Wani nazari da masu bincike a Kanada suka wallafa a 2012, wanda ya tattara sakamakon bincike goma, ya sami adadin masu ɗimuwa tsakanin kashi 10 zuwa kashi 48 cikin ɗari, ya kuma nuna cewa sun fi sauran yawan mutuwa a asibiti, kuma zamansu a gado yakan ƙaru da kwana tara ko makamancin haka. Wani nazarin da aka yi a Gilasgo a 2019 ya tsayar da adadin a kan kashi 25 cikin ɗari, wato mutum ɗaya cikin huɗu. A gida Nijeriya, Akin Ojagbemi da abokan aikinsa a Ibadan sun nuna a 2017 cewa tsananin shanyewar ne ke hasashen wanda zai ɗimauce. Faɗin tazarar da ke tsakanin 10 da 48 shi kansa abin lura ne, domin yana nuna cewa masu binciken ba da mudu ɗaya suke awo ba.

Abin da ya sa gano ɗimuwa da wuri ya zama wajibi shi ne, galibi alama ce ta wani abu da ake iya gyarawa. Mai shanyewar jiki yakan kasa haɗiya yadda ya kamata, kunu ko ruwa ya bi ta hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Fitsari yakan riƙe, ko robar fitsari ta kawo ƙwayoyin cuta. Akwai ƙarancin ruwa a jiki, da faɗuwar gishirin jini ko sukari, da bushewar ciki, da zafin ciwo wanda mutum ba ya iya faɗa, da farfaɗiyar da ba ta bayyana a gaɓoɓi, da rashin barci a ɗakin da fitila ba ta mutuwa. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro ma yana cikin lissafi. Wasu magungunan da ake bayarwa don a kwantar da maras lafiya, musamman dangin faliyam, su kansu suna ƙara dagula lamarin. Wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa halofaridol, maganin da aka daɗe ana dogaro da shi, bai rage tsawon kwanakin ɗimuwa ba ga marasa lafiya a ɗakin kulawa ta musamman. A ɗaya ɓangaren, Sharon Inouye da abokan aikinta sun nuna a 1999 cewa matakai masu sauƙi, irin su tuna wa tsoho rana da wuri, da ba shi tabarau da na'urar jinsa, da shayar da shi ruwa, da motsa shi, da barinsa ya yi barci da dare, sun rage aukuwar ɗimuwa daga kashi 15 zuwa kimanin kashi 10 cikin ɗari a tsakanin tsofaffi 852.

3.0 Kalmomin da Bahaushe ke da Su

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage, sai dai kowace kalma ɓangare ɗaya na larurar ta kama. "Sambatu" magana ce marar kan gado, don haka ta tsaya a kan abin da baki ke furtawa. "Magagi" ta fi kusa da ainihin yanayin, domin tana nuni da halin da ke tsakanin barci da farkawa, amma da zarar an ambace ta a gefen gadon tsoho sai zuciya ta tafi ga magagin mutuwa. "Ruɗewa" da "gigicewa" suna ɗauke da ma'anar tsoro ko firgita, kuma lafiyayye ma yakan ruɗe idan gobara ta tashi. "Zaucewa" da "hauka" da "taɓin hankali" suna nuna abu mai ɗorewa, ga kuma tabon da suke bar wa zuri'a. "Suma" ta wuce gona da iri, tun da mai ɗimuwa idonsa biyu. "Fita hayyaci" ta game komai, wanda shi ne aibinta.

An zaɓi "ɗimuwa" a nan saboda dalili biyu. Na farko, ita ce kalmar da ake yi wa wanda ya ɓace a daji ya kasa gane gabas da yamma, wato akwai rashin sanin wuri a cikinta. Na biyu, Bahaushe yana ɗaukar ta a matsayin abin da ke zuwa ya wuce, ba ta kuma zubar da mutuncin wanda aka jingina ta gare shi. Zaɓin yana buƙatar amincewar masana, kamar yadda aka yi wa kalmomin nazarin harshe a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990.

Akwai kuma wata kalma da ya kamata a ware, wato "karyewar harshe." Idan aka ce harshen maras lafiya ya karye, abin da ake nufi shi ne furuci ya yi nauyi, baƙaƙe suna cakuɗewa. Wannan larura ce ta gaɓoɓin furuci, leɓe da harshe da maƙogwaro, kuma mai ita yana iya rubuta abin da yake nufi daidai in ya iya rubutu. Rushewar harshe ta fi wannan zurfi, domin tsarin ne da kansa ya taɓu, a magana da fahimta da karatu da rubutu. Ita kalmar "shanyewa" ma ba ta rasa nasaba da tsohon imanin nan cewa iska ce ke shanye gaɓa, kamar yadda sunan shan-inna ya nuna, kuma wannan yana da tasiri a kan inda dangi ke fara neman magani idan maras lafiya ya soma magana da waɗanda ba a gani.

4.0 Yadda Maganar ta Bambanta

Tun daga rahoton Paul Broca a 1861 a kan mutumin nan da gaɓa ɗaya tak ta rage masa a baki, da na Carl Wernicke a 1874, aka san cewa rushewar harshe iri-iri ce. Domin sauƙin bayani, ga misalai uku da aka ƙaga, dukkansu amsa ce ga tambaya ɗaya: "Baba, ina kake yanzu?"

(1) Asibiti... jiya... faɗi... hannu... a'a, ƙafa... wayyo.

(2) To ai na ce musu a kawo tabarmar, wato tabarkar, ita ɗin da muka shandale jiya da su wancan ɗin, shi ke nan sai ya furge.

(3) Ina kasuwa mana. Ku ɗaure jakin nan, ga hadari ya taso. Wane ne wancan a bakin ƙofa? A ce wa yaran su kawo fitila.

A misali na (1) mai maganar ya fahimci tambayar kuma ya amsa ta daidai, amma da ƙyar, kuma ginin jimla ya zube. A harsunan da aka nazarci irin wannan larura, ƙananan kalmomin nahawu ne ke fara zubewa su bar sunaye da aikatau tsirara. A Hausa, wurin da ya fi cancanta a sa kunne shi ne wakilin sunan da ke gaban aikatau, wanda ke ɗauke da jinsi da adadi da lokaci gaba ɗaya, irin su "na" da "ina" da "muka." Irin wannan maras lafiya ya san yana kuskure, yakan gyara kansa, yakan yi fushi ko ya zubar da hawaye.

A misali na (2) magana tana gudana kamar ruwa, karin jimla yana nan, amma kalmomin sun lalace: an musanya baƙi, an ƙirƙiri kalmomin da babu su a Hausa ko da yake sun bi tsarin gaɓarta, an cika zance da "wancan" da "ita ɗin" ba tare da abin da suke komawa gare shi ba. Wannan shi ne wanda aka fi yi wa kuskuren ɗimuwa ko hauka, musamman da yake sau da yawa babu shanyewar gaɓa a tare da shi, kuma ba ya gane abin da ake faɗa masa. Amma idan aka lura da halayyarsa za a ga yana kallon mai magana, yana bin abin da ke gudana a ɗaki, yana ɗaukar cokali ta inda ya kamata, yana kwaikwayon abin da aka nuna masa da hannu.

Misali na (3) shi ne na ɗimuwa. Kowace jimla a cikinsa karɓaɓɓiya ce a nahawu, kowace kalma tana cikin ƙamus. Abin da ya ɓace shi ne zaren da ke haɗa jimla da jimla, da kuma zaren da ke haɗa zancen da halin da ake ciki. Da harshen Paul Grice, ƙa'idar dacewar zance da muhallinsa ce aka karya. Duk abin da ya gifta, ƙarar ƙofa ko inuwar mai wucewa, yana iya janye maganar zuwa wani wuri. Kurakuran suna ma suna da nasu salo: ɗakin asibiti ya zama zaure ko rumfar kasuwa, ma'aikaciyar jinya ta zama 'ya ko jika. Max Levin ya bayyana wannan a 1945 da cewa mai ɗimuwa yakan ɗauki baƙon abu a matsayin wanda ya saba da shi. Ke nan mai rushewar harshe ya gane abin amma sunansa ya kuɓuce masa, mai ɗimuwa kuwa sunan da ya faɗa daidai ne ga abin da yake zaton yana gani. Chédru da Geschwind sun kuma nuna a 1972 cewa rubutu yana cikin abubuwan da ke saurin lalacewa a ɗimuwa, fiye da magana.

Bambanci na ƙarshe shi ne na lokaci. Rushewar harshe ba ta cika sauyawa tsakanin safe da dare ba. Ɗimuwa kuwa takan lafa da hantsi ta taso bayan magariba. Likitoci suna zagayensu da safe, don haka sukan tarar da mutumin da ya kwana yana fizge robar ƙarin ruwa yana zaune yana amsa gaisuwa.

Gaisuwar ita kanta tarko ce. Tun a ƙarni na 19 Hughlings Jackson ya rarrabe maganar da baki ya saba da ita da maganar da mutum ke ginawa sabuwa, ya nuna cewa ta farkon takan tsira ko da ta biyun ta rushe. Gaisuwar Bahaushe jerin tagwayen jimloli ce da aka haddace tun ƙuruciya: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, yaya jiki, da sauƙi. Mutum yana iya bin wannan jeri daga farko har ƙarshe ba tare da ya san wanda ke gaishe shi ba. Haka nan salati da hamdala da kalmar shahada. Wannan ya fi zama haɗari ga nau'in ɗimuwar da Zbigniew Lipowski ya kira mai sanyi, kishiyar mai zafi. Mai ɗimuwa mai zafi yana ihu yana neman sauka daga gado, kowa ya san akwai matsala. Mai sanyi kuwa yana kwance shiru, yana gyangyaɗi, ba ya neman abinci, in an ce yaya jiki ya ce da sauƙi. A al'adar da ta ɗaukaka haƙuri da dauriya, irin wannan maras lafiya yabo yake samu, alhali bincike da dama ya nuna cewa nau'insa ne aka fi kasa ganowa.

Ba za a ce larurorin biyu ba sa haɗuwa a mutum ɗaya ba. Suna haɗuwa, kuma nan ne aikin ya fi wuya. Marsel Mesulam da abokan aikinsa sun bayyana a 1976 cewa toshewar jijiya a ɓarin dama na ƙwaƙwalwa tana iya bayyana da ɗimuwa, kuma wani bincike a Holan a 2011 a kan mutum 527 ya sanya ciwon ɓarin dama cikin abubuwan da ke jawo ta. Akwai hujjar ilimi a kan haka, domin ɓarin dama yana da babban rabo a natsuwa. Sai dai yana da kyau a tuna cewa bincike da yawa sun cire masu rushewar harshe daga lissafi domin ba a iya yi musu tambayoyi, kuma su ne masu ciwon ɓarin hagu.

5.0 Ma'auni da Harshen Wanda Ake Aunawa

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne CAM, wanda Inouye da abokan aikinta suka fitar a 1990. Yana neman a tabbatar da zuwan larura cikin gaggawa tare da hawa da sauka, da raunin natsuwa, sannan ɗaya daga cikin biyu: watsewar tunani ko sauyin matakin farkawa. A 2001 Wesley Ely ya tsara wani reshensa domin waɗanda ba sa iya magana saboda na'urar numfashi. Sai kuma 4AT, wanda aka tsara a Edinbara a 2011, wanda hukumomin lafiya na Birtaniya suka ba da shawarar amfani da shi domin ba ya cin fiye da minti biyu.

A 4AT ana tambayar maras lafiya shekarunsa, da ranar haihuwarsa, da wurin da yake, da shekarar da ake ciki. Kuskure biyu yana jawo maki 2. Sannan a ce ya jero watannin shekara da baya, daga Disamba. Idan ya kasa kai bakwai ko ya ƙi farawa, maki 1. Idan an ga ba zai gwadu ba, maki 2. Maki 4 yana nuna yiwuwar ɗimuwa. Daga nan abu biyu sun fito fili. Mai rushewar harshe mai tsanani zai tara maki 4 ko da natsuwarsa ba ta taɓu ba. Haka kuma tsohuwar da ta taso a ƙauye, wadda ke lissafin shekarunta da zamanin wani sarki ko wata yunwa, wadda watanninta su ne na Cika-ciki da Azumin Tsofaffi da Azumi da Ƙaramar Salla da Babbar Salla, za ta tara maki 3 tana cikin cikakken hankalinta.

Mafita ta kusa ita ce a nemi jerin da kowa ya haddace. Ranakun mako da baya, daga Lahadi zuwa Asabar zuwa Juma'a har a kai Litinin, kowa ya san su, kuma likitoci suna amfani da su a wasu wurare. Salloli biyar da baya, daga Lisha zuwa Asuba, sun dace da Musulmi amma ba su dace da ɗimbin masu jin Hausa a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa waɗanda Kiristoci ne ba. Sai dai gajeren jeri ya fi dogo sauƙi, mai ɗimuwa marar tsanani yana iya tsallake shi. Saboda haka musanya ba fassara kawai ba ce. Sai an gwada sabon jerin a kan lafiyayyu da marasa lafiya kafin a san inda za a ja layi.

A ma'aunin Ely ana karanta haruffa goma na Turanci, a ce maras lafiya ya matse hannun mai gwaji duk lokacin da ya ji harafin A. Wanda bai yi boko ba bai san sunayen haruffan ba, wanda ya yi allo kuwa da alif da ba ya saba. Ana iya tsara jerin kalmomi a maimakon haruffa, amma wajibi ne mai tsarawa ya san tsarin sautin Hausa, domin tsawon wasali da karin sauti suna rarrabe ma'ana. Kukan yaro da kukar miya a rubuce ɗaya suke, a baki kari ne ya raba su. Ma'aikacin da Hausa ba harshensa na farko ba ne yana iya furta ɗaya a wurin ɗaya, a rubuta wa maras lafiya kuskuren da ba nasa ba. Binciken Jack Gandour a kan harshen Tai ya kuma nuna cewa ciwon ɓarin hagu yana raunana fahimtar karin da ke rarrabe kalmomi, don haka gwajin natsuwa bai kamata ya rataya a kan kari ba.

Tambayoyin e ko a'a na wannan ma'auni wasunsu suna shiga Hausa ba gargada: dutse yana tasowa saman ruwa? Akwai kifi a teku? Wadda ke kwatanta nauyin fam ɗaya da fam biyu kuwa sai an mayar da ita mudu ko tiya. Babban abin kiyayewa shi ne tambaya mai korewa. Idan aka ce wa Bahaushe "Ba ka ci abinci ba?" ya ce "E," abin da yake nufi shi ne e, bai ci ba, yana gaskata zancen mai tambaya ne. Mai tunani da Turanci zai ji akasin haka, ya ɗauka amsar ta saɓa wa kwanon da ke gabansa cike.

Akwai kuma alkunya. Likita yakan nuna wani a cikin dangi ya ce "Wane ne wannan? Yaya sunansa?" Dattijuwar Bahaushiya ba ta ambaton sunan mijinta, kuma iyaye da yawa ba sa kiran sunan ɗan fari. Idan ta sunkuyar da kai ta yi shiru, ko ta ce "yaron nan ne," wannan shaida ce cewa ta gane shi sarai.

6.0 Mai Jinya, Tafinta, da Abin da ke Rataye a Kan Hukunci

A asibitocin Nijeriya dangi ne ke kwana da maras lafiya, su ke ba shi abinci, su ke juya shi. Su kaɗai suka san yadda yake kafin ciwo da yadda ya kwana jiya, ke nan sharaɗin gaggawa da na hawa da sauka a bakinsu ake samunsu. A 2010 wasu likitoci a Ostareliya suka gwada tambaya ɗaya tak da ake yi wa dangi, wato ko sun ga maras lafiya ya ƙara rikicewa kwanan nan. Nasarar irin wannan tambaya a Hausa ta dogara ga kalmar da aka zaɓa. In aka sa "hauka" ko "taɓin hankali," ɗa ba zai amsa wa uwarsa wannan suna a gaban baƙo ba. In aka sa "ruɗewa," zai iya ɗauka tsoro ake nufi. Tambayar da ba ta laƙaba suna, kamar "Tun da aka kwantar da Baba, akwai lokacin da kuka ga kamar ba shi ba?" tare da "Yaya yake kwana?" ta fi buɗe baki.

Matsala ta biyu ita ce ta tafinta. A garuruwa irin su Jos da Maiduguri da Yola da Abuja, Hausa harshe na biyu ne ga marasa lafiya da yawa, kuma ba lalle ne likitan ya ji ta ba. Théodule Ribot a 1881 ya yi hasashen cewa harshen da aka fara koya shi ne ke daɗewa, Albert Pitres kuma a 1895 ya ce wanda aka fi amfani da shi dab da ciwo ne ke fara dawowa. An ga misalan duka biyun. Dattijon da ya shekara arba'in yana kasuwanci da Hausa yana iya komawa Fulatanci ko Barbarci ko Taroh a gadon asibiti, ma'aikaci ya rubuta "sambatu" alhali ruwa yake roƙo. Idan kuma ɗan'uwa ne ke tafinta, ladabi da ƙauna sukan sa ya gyara zancen. Misali na (3) da aka kawo a sama yana iya isa kunnen likita a matsayin "Ya ce yana son a kunna fitila." An isar da buƙata, amma shaidar da likita ke nema, wato watsewar zancen, ta salwanta a hanya. Abin da ya kamata a koya wa tafintan asibiti shi ne ya maimaita abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, da kurakuransa, ya kuma bayyana ko kalmar da ya ji tana cikin harshen ko babu ita.

Kuskuren hukunci yana da sakamako ta kowace fuska. Idan aka ɗauki ɗimuwa a matsayin aikin iska ko hauka, dangi sukan nemi sallama su tafi da maras lafiya gida, alhali ciwon huhu ne ko riƙewar fitsari, abin da magani na 'yan kwanaki ko roba ɗaya za su warware. Addu'a da magani ba sa karo, amma fita daga asibiti a wannan hali yana iya zama ajali. Idan kuma aka ɗauki rushewar harshe a matsayin gushewar hankali, sai a riƙa zancen mutum a gabansa kamar ba ya nan, a yanke shawara a kan jikinsa da dukiyarsa ba tare da an nemi yardarsa ta hanyar nuni ko hoto ko rubutu ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin nauyin wannan bambanci. A Mukhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka dogara da shi ƙarnuka, an bayyana cewa sakin da mutum ya furta yana sambatu saboda ciwo ba ya aukuwa, kuma kalmar Larabcin da aka yi amfani da ita a wurin daga tushenta ne likitocin Larabawa na yau suka ɗauki sunan ɗimuwa. Wasiyya da kyauta da iƙirarin bashi da ake yi a gadon asibiti duk suna rataye a kan tambayar ko mai furucin yana cikin natsuwarsa a wannan sa'ar. Tun da ɗimuwa tana hawa da sauka, mutum ɗaya yana iya zama mai cikakken hankali da hantsi ya zama ba haka ba da lisha, don haka shaidar da za a kawo gaban alƙali tana buƙatar lokacin da aka yi furucin, da lafazinsa kamar yadda ya fito, da harshen da aka yi shi da shi.